Dandali, Makarantarmu Ta Farko

A taronmu na bara wani ɗan ajinmu ya zo da 'ya'yansa huɗu, suka zauna a inuwa kowa ya duƙufa a kan waya, har aka tashi ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Ya dube ni ya ce, "Malam, mu fa a shekarunsu sai an biyo mu da bulala kafin mu shiga gida." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, don mu waiwayi tarihin filin da ya raine mu tun ba mu san allo da alli ba.

Mu fara da sunan garin. Ƙafi dai shinge ne na itatuwa da ake kafawa a kewaye gari saboda mahara, don haka duk inda ka ji Ƙafin wane, to, an taɓa kwana da tsoro a wurin. A ƙarni na 19 kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa, Bebeji kuwa da ganuwarta Turawa suka same ta a 1903 a kan hanyarsu ta zuwa cin Kano. Duk da haka yaran wancan zamani sun yi wasa, domin filinsu yana cikin shinge, a ƙofar gidan mai gari ko a bakin kasuwa, inda idon manya ke kaiwa.

Muna da shaida a rubuce, kuma daga maƙwabtanmu. Baba ta Karo ta tashi ne a ƙasar Zarewa, can yamma da mu wajen Rogo, tun kafin zuwan Turawa. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki ta ba da labarin satar mutane da ake yi a ƙuruciyarta, ta kuma ba da labarin wasannin 'yan mata da kiɗan ranar kasuwa. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna yadda samarin ƙauye ke da sarautunsu, suna kwaikwayon na fada. Wato dai dandali yana da hukuma. Akwai Sarkin Samari, 'yan mata ma da tasu shugabar, kuma wanda ya yi zagi ko ya ci zalin ƙarami, a nan take za a yanke masa hukunci ba sai an kai ƙara gida ba.

Haka muka tarar da abin a shekarun 1970. Wasa yana bin wata, yana bin kaka. Da damina ba mai ƙarfin tsalle bayan ya wuni a kunya yana noma. Amma da an girbe gero da dawa, sanyi ya fara busawa, farin wata ya fito, sai ka ji tafi daga wani lungu, ka san 'yan mata sun kafa gaɗa. Su tsaya kamar rabin da'ira, ɗaya ta fito ta yi rawa, ta juya ta faɗa da baya, sauran su cafe ta su cilla. Ba ta waiwaye, domin ta tabbata ba za a bar ta ta kai ƙasa ba. Da rana kuwa suna da carafke da 'yar gala-gala, waɗanda ba sa bukatar komai sai tsakuwa da zane a ƙasa. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe, a bi gida gida da gemun auduga da tsumma, a samo hatsi da 'yan kwabbai.

Mu maza, sarkin wasanninmu langa. Ga waɗanda suka manta, ko suke yi kamar sun manta saboda tumbi: a rabu gida biyu, kowa ya lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare na da ruwa, shi ne wanda ake so ya kai wurin sha. 'Yan'uwansa su kare shi, abokan hamayya su yi ta neman ture shi. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu, sai ya koma gefe. Hikimar ita ce, ba lalle ƙato ake sa wa ruwa ba. Sau da yawa ɗan ƙaramin nan mai wayo ake zaɓa, ƙattin su zama garkuwarsa. Yaro ashirin za su yi ta yi har wata ya karkata, ba ƙwallo, ba alƙalin wasa, ba a kashe ko anini ba. Ni kaina a langa na gurɗe a hannu, na kwana uku ina ɓoyewa a cikin riga kafin iyata ta gane, aka kai ni wurin mai ɗori. Washegarin da aka kwance karan na koma.

To, yaushe abin ya fara ja da baya? Masu ilmi sun hango tun da wuri. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo kuma ya rubuta Wasannin Yara, aka shigar da su aji. A daidai lokacin ƙasarmu ke sauyawa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a garuruwan da ruwan ya kai, ranin da a da lokacin hutu ne ya zama na aiki. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta, UPE, muka cika azuzuwa, muka koyi ƙwallon ƙafa da ƙwallon tsumma ko ɗanyen lemo. A sakandare kuwa, kun tuna, gasar gidaje duk gudu ce da tsalle irin na Turawa. Malamanmu su gafarce ni, amma ban tuna ranar da aka ba wani kofi saboda langa ba, alhali a bayan ɗakin kwana mun fi yin ta fiye da komai.

Daga 1990, da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, bidiyo ya fara shiga gidaje, daga baya gidajen kallon ƙwallo suka biyo, sa'an nan waya. Galibi a nan ake ɗora laifin duka. Ni ina ganin da sauran magana. Filayen da muka yi wasa a kansu an yanka su fuloti, wasu sun zama shaguna. Wasu iyaye sun hana fita saboda abin da suke gani na lalacewar tarbiyya a wasan dare, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Sa'an nan a shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi dajin Falgore, wajen 2015, wane uba ne a Doguwa ko Tudun Wada zai bar ɗansa a waje bayan isha'i? Kakanninmu da suka ji tsoro sun kafa shinge suka bar yara a fili a cikinsa. Mu da muka ji tsoro, kowa ya ja nasa ya kulle a ɗaki.

Langa dai ba ta mutu ba, sai dai ta sa riga. Yanzu tana cikin wasannin gargajiya da jihohi ke karawa a kai a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa, da alƙali da usur da fili mai awo. Na taɓa kallo, na ji daɗi, amma na lura duk 'yan wasan ƙarti ne zaɓaɓɓu, ba wurin ɗan ƙaramin nan mai wayo.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya, a taro mai zuwa a ware mana awa ɗaya bayan la'asar a filin makaranta, kowa ya zo da 'ya'yansa da jikoki. Mu nuna musu sau ɗaya, mu raba su gida biyu, mu koma inuwa mu bar su su zaɓi ruwansu. Na riga na yi magana da mutum uku daga ajinmu, sun yarda za su riƙe ƙafa, in gwiwa ta yarda.