Makarantar William Frantz: Yadda Rajistar Ɗalibanta Ta Juye

A da, William Frantz ƙaramar firamaren gwamnati ce a birnin New Orleans na jihar Louisiana a Amurka. An gina ta a 1937 domin 'ya'yan farar fata zalla, galibinsu 'ya'yan ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 ya haramta wariya a makarantu, amma hukumomin birnin suka yi ta jan ƙafa har alƙali J. Skelly Wright ya tilasta musu.

Ranar 14 ga Nuwamba 1960, wadda ake tunawa duk shekara, jami'an tsaron tarayya huɗu suka rako Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, zuwa makarantar, ta ratsa cincirindon masu zagi da jifa. Ranar farko a ofishin shugabar makaranta ta wuni, tana kallon iyaye suna shigowa suna jan 'ya'yansu. Makarantar da ke da yara sama da 500 ta kusa zama kango, da yawansu suka koma gundumar St. Bernard da ke maƙwabtaka.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne Ruby kaɗai ta rage. Wannan ya fi daɗin ji, amma ba haka aka yi ba. A makarantar McDonogh 19, inda wasu 'yan mata uku baƙar fata suka shiga a rana guda, can ne aka kwashe fararen yara kakaf. A Frantz kuwa wasu iyaye sun yi ta maza: limamin coci Lloyd Foreman ya riƙa kai 'yarsa Pam, haka ma Daisy Gabrielle da 'yarta Yolanda, har tsangwama ta kori iyalinta daga garin. Shugabar makarantar ce ta ware waɗannan yara a wani ɗaki. Shi ya sa Ruby ta shekara ita da malamarta Barbara Henry, mutuniyar Boston, a aji ɗaya, tana cin abincin gida kawai don an yi barazanar sa mata guba. Sai da Henry ta matsa lamba kafin aka haɗa ta da su.

Daga baya fararen iyalai suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, har makarantar ta koma kusan ta baƙar fata zalla. Guguwar Katrina ta lalata ginin a 2005. An gyara shi, makarantar Akili Academy ta tare a ciki.