Wariyar Asali a Neman Aure a Ƙasar Hausa

Kafin mu shiga batu, ya kamata mu fayyace kalmomi uku. Ƙyama ita ce mummunan zaton da mutum ke riƙewa a zuci game da wasu mutane tun bai yi hulɗa da su ba. Wariya kuwa ita ce fitowar wannan zato a aikace, wato a hana mutum abin da ake bai wa waninsa. Matsayi shi ne gurbin da al'umma ta ajiye mutum a ciki, ko don abin hannunsa ko don gidan da ya fito.

Ta wannan fuska, wariya iri biyu ce. Akwai ta dukiya, wadda ke tsakanin mai shi da marar shi. Tana da zafi, amma takan gushe ranar da talaka ya samu. Akwai kuma ta asali, wadda ta fi damunmu, domin arziki ba ya wanke ta. A nazarinsa na 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, M. G. Smith ya sa masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye da su, mahauta da makaɗa kuwa a can ƙasa. Ya kuma bambance karda, wato sana'ar da aka gada, da shigege, wato wadda mutum ya shiga da kansa. Gado shi ne tushen matsalar, don shi ke sa sunan sana'a ya bi jika ko da bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne binciken da ake yi kafin a ba da mata. Baffannin yarinya kan shiga unguwar saurayi su tambaya, "Ɗan gidan wa ne?" Da an ce rundawa ne, wato mahauta, sai magana ta yi sanyi. Ba a faɗa masa dalili. Cewa ake yi an riga an yi mata miji. Abin takaici, daga hannun mahaifinsa ake sayen naman miyar gidan kullum.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. A fiƙihun Malikiyya ma, kafa'a, wato dacewar miji da mata, bisa ra'ayi mafi rinjaye tana tsayawa ne kan addini da kuɓuta daga aibin da ke raba aure. Saboda haka waliyyin da ya mayar da mutumin kirki don kakansa ya yi fawa, al'ada kawai ya bi. Ba shi da hujja a mazhabarsa.