Torelli, Babban Boka

A zamanin da, a ƙasar Italiya, in ana wasan kwaikwayo na waƙa, ba ƙaramar wahala a kan sha ba wajen sauya allunan zane masu nuna wurin da labari ya auku, gama sai ƙarti sun ja su ɗai-ɗai.

A 1641, a birnin Fenis, Giacomo Torelli, mutumin Fano, ya yi wata dabara. Ya kafa kowane allo bisa amalanke a ƙarƙashin dandali, ya ɗaura igiyoyinsu ga gungume guda mai juyawa. Da an murɗa, sai fada ta zama teku nan take. Don mamaki har aka yi masa laƙabi Babban Boka.

A 1645 aka kira shi Faris, inda ya shirya dandalin waƙa da na rawa. Amma a 1660 abokin takararsa, Vigarani, ya sa aka ƙone allunansa.

Hassada ga mai rabo taki ce. Katako ya ƙone, hikimar kuwa ta watsu a Turai. Har yau da ita a ke aiki a gidan wasan Drottningholm na ƙasar Suwidin, wanda aka gina a 1766.