Dante, Mawaƙin da Garinsu Ya Kora

An haifi Dante Alighieri a birnin Fulorens na Italiya a 1265. A 1302 rikicin siyasa ya sa aka kore shi, aka yanke cewa in ya dawo za a ƙona shi. A gudun hijira ya rubuta Commedia, waƙa mai babi 100 kan Wuta, wurin tsarkake zunubi da Aljanna, bisa aƙidar Kirista. Malaman zamaninsa da Latin suke rubutu, shi kuwa ya zaɓi harshen da ya tsotsa a nono, wanda ya zama tushen Italiyancin yau. Ya rasu a Rabenna a 1321. Daga baya Fulorens ta sha roƙon ƙasusuwansa, Rabenna ta hana. Har yau kabarinsa na can.