Malamin da ya mai da ƴan ajinsa shugabanni: tarihin Boys' Brigade

Duk malamin lakwal ko na islamiyya ya san wannan matsala: yaro in ya kai shekara 13 ko 14, sai ya soma jin ya fi ƙarfin aji. Wasu su daina zuwa, wasu su zo su hana kowa karatu. Matsalar ba ta yau ba ce. Ita ce ta addabi wani malamin makarantar Lahadi a Gilasgo, birnin masana'antu na ƙasar Sikotilan, har ta sa ya kafa ƙungiyar da take raye har yanzu.

Sunansa William Alexander Smith, an haife shi a 1854. Ɗan kasuwa ne, yana koyar da yara addinin Kirista ranar Lahadi ba da albashi ba, kuma hafsa ne a rundunar sojan sa-kai. Abin da ya lura da shi shi ne, ranar Asabar manyan mutane suna bin umurninsa a filin fareti, amma ranar Lahadi ƴan samari kaɗan sun gagare shi. Sai ya gane cewa a fili kowa yana da aikin yi, a aji kuwa zama kawai ake ce musu su yi.

Ranar 4 ga Oktoba 1883, shi da wasu ƴan uwa biyu, James da John Hill, suka buɗe Boys' Brigade. Yara 59 suka rubuta suna. Da aka kafa dokar zuwa kan lokaci da biyayya, sai 35 suka rage. Smith bai sassauta doka don a cika ɗaki ba, da waɗannan ya ci gaba. Kayan ƙungiya ma bai tsananta ba: hula, ɗamara da ƴar jaka, a kan tufafin da yaro yake da su, don kada talauci ya kori kowa.

Babbar dabararsa ita ce raba nauyi. Tun farko ya zaɓi wasu daga cikin yaran ya ba su muƙamin saje da kofur, kowanne da ƴan tawagarsa da yake kula da su. Yaron da jiya ake kora daga aji, yau shi ke kiran suna. Da suka girma, da yawa daga cikinsu suka koma jagorori na sa-kai. A 1886 ya kai su zangon kwana a bakin teku, wajen da babba da yaro suke sanin halin juna. Ko bayan da ya bar kasuwanci a 1888 ya zama sakataren ƙungiyar baki ɗaya, bai saki rukuninsa na farko ba har rasuwarsa a 1914.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Wasu Kiristoci sun ce haɗa fareti da bindigar katako da karatun Littafi Mai Tsarki koya wa yara son yaƙi ne, har wasu suka kafa tasu ƙungiya marar makami. Duk da haka tsarin ya bazu. Smith ne ya ƙarfafa wa Baden-Powell guiwa ya sake rubuta littafinsa na soja domin yara, abin da ya haifar da ƴan sikawut. A 1908 ƙungiyar ta isa Legas, yau kuma majami'u da yawa a arewacin Najeriya suna da ita.

Mu malamai da uwaye, Musulmi da Kirista, akwai abin ɗauka a nan. Mun san irinsa a samariyarmu, inda sarkin samari yake tara matasa gayya su kuma amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mushen da ke riƙe da aji mai cunkoso shi kaɗai zai gaji kafin hutu. Ya duba yaran nan uku ko huɗu da suka fi ba shi wahala, ya danƙa wa kowanne aiki na gaske, kamar rajistar zuwa, tsabtar fili ko taimaka wa ƙanana da karatu, ya kuma riƙa binsa duk mako yana tambayarsa yadda aikin yake tafiya.