Lokacin da En'e ta kawo wa Kano ruwan famfo

Kafin a san ƙaramar hukuma, En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarki, ita ce ke riƙe da Kano. Ita ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, ta miƙa wa gwamnatin Turawa nata kaso, sauran ya shiga baitulmali. Daga nan ake biyan albashin Sarki da alƙalai da dogarai, daga nan kuma ake yi wa gari aiki.

Babban aikin da aka fi tunawa shi ne na ruwa da lantarki, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Kafin nan, mutanen birni rijiya suke sha, ga kududdufai ko'ina, inda aka haƙi ƙasar gini damina ta cika su. A farkon shekarun 1930 aka buɗe gidan ruwa a bakin kogin Challawa, ana turo ruwa zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin unguwanni. Kuɗin aikin daga baitulmalin Kano suka fito, wato daga aljihun manomin gyaɗa da makiyayin da wataƙila har ya mutu bai taɓa ganin famfo ba. Mutanen birnin ma da farko ɗari-ɗari suka yi da shi, don abin da ya biyo ta hannun Nasara sai an yi masa kallon tsanaki.

Asibitin cikin gari, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, shi ma na En'e ne. Haka makarantun elementare, da kasuwanni, da gidan yari. Akwai kuma duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da salga; matan gida ba su ƙaunar jin sallamarsa, amma kwata ba ta toshewa a bar ta.

Sai dai hukumar da ta kafa famfo ita ce ke da 'yan doka da bulala. Wannan ne ya ba jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, abin faɗa: talaka na biya, amma ba shi da bakin tambayar inda kuɗinsa suka tafi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, ya bar sarakuna da ba da shawara. Ruwan Challawa kuwa ya koma hannun hukumar ruwa ta jiha.