Babur ɗin tsere da ɗan koyo: abin da injin da alƙaluma suke nunawa

A Yamai, Maraɗi, Kano ko Kwatano, babur shi ne motar talaka. Da shi ake kai yara makaranta, da shi ƴan kabu-kabu ke ciyar da gida. Mafi yawan waɗannan babura ƙanana ne, irin su Bajaj Boxer, Haojue da Jincheng, masu injin cc 100 zuwa 150. Amma a manyan birane ana ƙara ganin wani nau'i dabam, babura na tsere da ake shigo da su, galibi na hannu, waɗanda ƙararsu ke rigan su isowa. Tambayar da iyaye da matasan da ke tara kuɗin saye suke yawan yi ita ce ko wanda bai daɗe da fara hawa ba zai iya farawa da irinsu.

Haɗarin babur gaba ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A Amurka, inda ake ƙidayar nisan tafiya, mai babur ya fi mai mota yiwuwar mutuwa fiye da ninki 20 a kan tafiya mai nisa ɗaya. Dalilin a fili yake: mota na da ƙarfe kewaye da direba da bel, mai babur kuwa jikinsa ne ke karɓar bugu.

Binciken da har yau ake komawa gare shi shi ne wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar a 1981, bayan bin diddigin haɗurran babur 900 a Los Angeles. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a yawancinsu direban motar ne ya shiga gaban mai babur, sau da yawa a mahaɗar hanya, ya ce bai gan shi ba. Abin da ya fi shafar ɗan koyo shi ne wannan: fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata 5 da fara hawan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, kuma kashi 92 cikin 100 sun koyi tuƙi ne da kansu ko a hannun ƴan'uwa da abokai. Wanda ya san yadda ake koyon babur a unguwanninmu, a filin ƙwallo da yamma, zai gane wannan hoton.

Me ya bambanta babur ɗin tsere

An ƙera shi ne don filin tsere, sannan aka ƙara masa fitila da madubi don ya hau titi. Bajaj Boxer mai cc 100 yana ba da ƙarfin doki kusan 8. Yamaha R6 mai cc 599 yana ba da kusan 118, wato wajen ninki 15, alhali nauyinsa bai kai ninki biyu na Boxer ba. Yana kaiwa kilomita 100 a sa'a cikin kusan daƙiƙa 3, tun yana giya ta ɗaya. Yayansa R1, mai cc 998, ya doshi doki 200. Bayan Suzuki ya fitar da Hayabusa a 1999, wanda ya haura kilomita 300 a sa'a, manyan kamfanonin sun yi yarjejeniya a tsakaninsu suka tsayar da gudun baburansu a 299.

Matsalar ɗan koyo ba a gudun ƙarshe take ba, a hannunsa take. A ƙaramin babur, wanda ya murɗa totur fiye da kima ko ya saki kuloci da gaggawa, injin zai mutu ko ya ɗan fizge shi. A babur ɗin tsere kuskure iri ɗaya yana ɗaga tayar gaba sama ko ya sa ta baya ta zame. Injin mai silinda huɗu yana kuma da yaudara: a ƙasa yana tafiya lafiya lau kamar ba shi ba, sai juyinsa ya haura wajen 8,000 a minti ƙarfin ya zo a lokaci guda. Haka birkin gaba, wanda yatsa biyu sun isa su kulle taya ko su jefa mahayi ta kan babur. Mutumin da ya firgita ba ya taɓa birki da yatsa biyu, damƙa yake yi.

Zaman ma ba na koyo ba ne. Mahayi yana kife a kan tanki, nauyinsa a wuyan hannu, kansa a sunkuye, ga madubin da bai cika nuna baya ba. Kan babur ɗin ba ya juyawa sosai, don haka juyawa a lungu ko ratsa cunkoson kasuwa, abin da ɗan kabu-kabu ke yi ido rufe, nan ne sabon mahayi ke kifewa da kilo 190 a kan ƙafarsa.

Sai lissafin gudu, wanda ba ya canzawa ko wane ne a kai. A kilomita 50 a sa'a, babur na cin mita 14 a daƙiƙa ɗaya, a 150 kuwa mita 42. Ƙarfin bugu da nisan tsayawa ba su tafiya daidai da gudu: idan gudu ya ninka uku, su sukan ninka tara.

Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta kwatanta nau'o'in babura a 2007, ta gano cewa mutuwa tsakanin masu hawan na tsere ta kai kusan ninki huɗu na masu hawan babura na yau da kullum, idan aka auna da yawan waɗanda aka yi wa rajista. Abin lura, waɗanda suka mutu a kan na tsere sun fi sauran saka hular kwano, kuma an fi samun ƙarancin barasa a jininsu. Gudu ne ya cinye su. Gaskiya ne cewa masu sayen irin wannan babur matasa ne, masu son ganganci tun asali, don haka ba duka laifin ke kan ƙarfe ba. Sai dai wannan hujjar ba ta taimaki ɗan koyo ba, domin shi ma yawanci matashi ne.

Yadda wasu ƙasashe suka warware batun

Tarayyar Turai ta raba lasisin babur hawa-hawa. A1, daga shekara 16, iyakarsa cc 125. A2, daga shekara 18, iyakarsa kilowat 35, wato doki 47. Cikakken lasisin A sai bayan shekara biyu da A2, ko kuma a shekara 24. Faransa ta ƙara tsaurarawa a 2016: ko mutum ya kai shekara 50, da A2 zai fara, ya yi shekara biyu, sannan ya yi horon sa'a 7. Ostareliya ma ta keɓe jerin baburan da ɗan koyo zai iya hawa, waɗanda ba su wuce cc 660 ba kuma ƙarfinsu bai yi wa nauyinsu yawa ba. R6 ba ya cikin ko ɗaya.

Wannan ya haifar da wani rukuni da ya kamata a bambance: babura masu kamar na tsere amma da ƙaramin injin, kamar Yamaha R3 mai cc 321 da doki 42, ko Kawasaki Ninja 400 mai doki kusan 45. Zamansu ya fi miƙewa, ƙarfinsu na zuwa a hankali, kuma da yawansu na da birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa. Turai ta wajabta ABS ga sababbin babura sama da cc 125 daga 2016, Indiya ta bi sahu a 2019. Ga wanda ya riga ya ƙware a kan 125, irin waɗannan mataki ne mai ma'ana. Ga wanda bai taɓa hawa ba, ko su ma sun yi yawa.

A hanyoyin yankinmu

Yawancin alƙaluman da ke sama daga ƙasashe ne masu kwalta mai santsi da motar asibiti da ke isowa cikin mintoci. A Sahel akwai ƙarin abubuwa. Yashi kan kwanta a kan kwalta, musamman a kwana, kuma faffaɗar tayar tsere ba ta da riƙo a kansa. Akwai ramuka, tudun rage gudu marasa alama, amalanke ba fitila, awaki da jakuna, ga hazon hunturu. Rigar fata da safar hannu da takalmin da ake ƙera babur ɗin da tunanin mahayi zai saka, zafin watan Afrilu kan sa a ajiye su a gida. Babur na hannu kuma kan zo da tsofaffin tayoyi, waɗanda saboda tsadarsu ake ci gaba da hawa har sai sun ƙare ƙarƙaf. Idan kai ya bugu, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Ƴan Najeriya ba su manta da Disamban 2017 ba, lokacin da Yusuf, ɗan shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, ya faɗi da babur a Gwarimpa, Abuja, ya samu karaya da rauni a ka, aka yi masa tiyata, daga baya aka fitar da shi waje.

Hular kwano, wadda a Nijar aka fi sani da kaske, tana rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan 69, in dai mai inganci ce kuma an ɗaure igiyarta. Lokacin da Najeriya ta fara tilasta ta a Janairun 2009, an ga ƴan acaɓa da ƙwarya a ka don kauce wa jami'ai. Hular leburori ta roba da ake gani yau a kan wasu mahaya ba ta fi ƙwaryar da komai ba. Mai cikakken rufi har haɓa ita ce ta dace da babban babur, domin a faɗuwa ta gaba haɓa da fuska ne ke fara isa kwalta.